Bayan An Sallamo Shi

Asibitin Dawanau a Kano ko na Kware a Sakkwato zai kwantar da ciwon mai taɓin hankali, amma sauran jinyar a gida take. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowanne tare da ɗan'uwansa mai kula da shi.

Watannin bayan sallama su suka fi damuna. Da sauƙi ya samu, sai wani kawu ya ce a bar ƙwayoyin nan haka, ai ya warke. Daga nan ciwon kan dawo. Gaskiya ne wasu magungunan kan kawo kasala da ƙiba da yawan barci, amma likita ne zai rage su. Addu'a na da muhallinta, ba ta hana shan magani.

A ci tuwo da shi kwano ɗaya, a aike shi cefane, a nemi shawararsa kan hidimar gida. A daina ɗauke wuta idan ya shigo zaure. Uwar da ke kwana ido biyu a kansa, ita ma a samu mai karɓarta ta huta.