Yadda Muka Yi Dardumar Tsumma A Kujama

Da muka komo daga gwajin koyarwa, Edita ya tare ni a bakin ɗakin karatu, ya ce lalle in rubuta wani abu game da wurin da aka tura ni. Na ce masa ni ban yi wani abin da ya isa a buga ba, in ban da dardumar tsumma guda huɗu da na bari a aji biyu, da kuma wani kuskure wanda har yau in na tuna shi sai kunya ta kama ni. Ya ce to, su ɗin ya ke so. Ga su nan kuwa.

Kujama aka tura ni. Duk wanda ya taɓa tashi daga Kafanchan zuwa Kaduna a mota ya san ta. In ka bi ta Zonkwa da Kachia, ka wuce Kasuwan Magani, sai Kujama, daga nan kuwa ka kusa shiga Kaduna. Nan ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun. Asalin ƙasar ta Gbagyi ce, watau waɗanda Hausawa ke kira Gwari, amma yanzu ba irin mutanen da ba ka samu, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da na filin wasan yara. Na sauka a gidan wata dattijuwa, ƙawar gwaggona. Kowa a unguwar Mama ya ke ce mata, ni ma sai na bi su.

A cikin watan Janairu na fara aiki, hunturu ya kankama. An ba ni aji biyu a wata firamare da ke gefen gari, yara 58, benci 9. Waɗanda suka yi sammako su ke samun benci, saura kuwa sai ƙasa, ga simintin ya farfashe, ga shi da sanyi sai ka ce ƙasan randa. Wani ya zauna a kan takalminsa, wani a kan littafin da ya kamata ya rubuta a ciki, wani ya yi tsugunne har a tashi. A makon farko na rubuta a littafina cewa yaran ajin nan ba su da natsuwa. Sai da wata rana alli ya faɗi na durƙusa in ɗauka, tafin hannuna ya taɓa simintin, sa'an nan na gane abin da ke hana su zama.

A ɗakin Mama kuwa akwai wata darduma gaban gado, mai kauri, mai launi iri iri, in ka taka ƙafarka ta nutse. Na zaci daga kanti ta fito. Da na tambaye ta sai ta yi dariya, ta juya mini bayanta, sai ga tsohon buhu. Ta ce, “Ɗana, rigar makarantar 'ya'yana ce ka ke takawa, da zanen da na yi goyonsu.”

Mijinta, kafin ya rasu, ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ƙila ƙannenmu da ke aji ɗaya ba su san labarin masaƙun nan ba. A cikin 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, aka buɗe Kaduna Textiles a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila, tana saƙa akoko da audugar ƙasarmu. Waɗansu suka biyo baya, har da United Nigerian Textiles wadda aka kafa a cikin 1964, mai buga atamfa. Dubban mutane daga ƙasashen Kafanchan da Zonkwa da Kwoi da sauran wurare suka sami abinci a can. Mama ta ce a lokacin nan ma'aikata kan sayo guntayen yadi da araha, mata su ɗinka wa yara riguna da manyan, ƙananan kuwa da ba su isa ko aljihu ba su tara. A wajen taron zumuntar mata wata ta koya musu yadda a ke mai da su darduma. Kaduna Textiles ta tsaya a cikin 2002, ita kuma ɗayar ta rufe ƙofa a cikin 2007. Tun daga sa'an nan, in ji Mama, sai ƙyallen tela da gwanjon Kasuwar Barci. Ta ce, “Da mu ke tufasar da mutane. Yanzu sai wani ya sa ya gaji a ƙasarsu, sa'an nan a ɗauro mana.”

Na roƙe ta ta koya mini, domin a jadawalin ajina akwai darasin aikin hannu, kun kuwa san yadda a ke yi da shi a makarantu da yawa: yaro ya sayo tsintsiya a kasuwa ya kawo, a ba shi maki. Ni ban so haka ba.

Hanya biyu ta nuna mini. Ta fari ita ce ta buhu. A kan sami buhun algarara, irin wanda a da a ke zuba gyaɗa, a farke shi, a wanke, a kalmasa bakinsa don kada ya zare. Yanzu algarara ta yi wuya, buhunan masara duk na roba ne. Su ma suna yi, amma suna da santsi, sai an matsa ƙyallen sosai. Sa'an nan a wanke tsumman da sabulu a shanya a rana, wannan kuwa ba a tsallake shi, don ba ka san jikin da tufa ta fito ba. A yanyanka shi ƙanana, faɗin yatsa biyu, tsawon babban yatsa na tsakiya ko ya ɗan fi. Sai a fiƙe tsinken gora, a huda buhun, a tura bakin ƙyalle guda, a tsallake zare uku ko huɗu a sake hudawa, a tura ɗaya bakin, har bakunan nan biyu su tsaya a fuska guda. Na biye a sa shi dab da na farko. Ba ƙulli, ba ɗinki. Matsin da ƙyallayen ke yi wa juna shi ke riƙe su, saboda haka in ka yi rowar ƙyalle ka bar fili, to, ranar da aka kakkaɓe dardumar sai ka ga tana zuba kamar kaza mai fige. Daga gefe a ke farawa a nufi tsakiya, a kan kuma sa baƙi ko shuɗi a gefen, don nan ne ƙafa ke fara sauka da datti.

Ba kowane tsumma ke yi ba. Tsohuwar atamfa ta auduga tana da kyau. Singileti da rigunan nan masu talewa sun fi kowa, don ba su zarewa. Leshi da yadi mai sulɓi ba su zama a rami, wandon kaki mai kauri kuwa sai ya kumbura maka yatsa kafin ka gama layi guda.

Hanya ta biyu ita ce ta kitso. A yanka tsumma dogo dogo, a haɗa uku a kitsa kamar gashi, in ɗaya ya ƙare a ɗinka masa wani, har a sami igiya mai tsawo. Sai a naɗe ta a ƙasa kamar yadda a ke fara faifai, ana ɗinke kowane zagaye da na cikinsa da basilla da zare mai ƙarfi. Mama ta gargaɗe ni kada in ja zaren da yawa a wajen lanƙwasa. Na ce na ji. Bayan kwana uku abin da na yi ya tashi ya kumbure, sai ka ce akushi. Ta dube shi ta ce ba laifi, kazarta na neman wurin ƙwai.

Daga baya na karanta cewa a arewacin Ingila ma, iyalan masu haƙar kwal haka su ke yi a dararen sanyi, da buhu da tsinke da tsofaffin tufafi, sai dai su suna ɗaure buhun a jikin katako. Ashe talaka ko ina ya ke dabararsa ɗaya ce.

To, yanzu ga kuskuren. Ranar Jumma'a na tsaya gaban aji na ce ran Litinin kowa ya zo da tsumma daga gida, wanda bai kawo ba kuwa zai yi durƙuso a waje. A zuciyata na ce me ya fi tsumma araha? Ba kuɗi na ce a kawo ba.

Ran Litinin 'ya'yan ma'aikata da na 'yan kasuwa suka zo da leda cike. Waɗansu suka zo hannu sake, waɗansu ma ba su zo ba sam, ban kuwa tsaya na tambayi kaina dalili ba. Akwai wata yarinya mai shiru, cikin masu zaman ƙasa, wadda ban taɓa jin muryarta ba. Ita ta kawo ƙyallayen atamfa shuɗiya mai ratsin rawaya, an yanka su daidai wa daida. Na ɗaga su sama na ce kowa ya duba, haka a ke aiki, na sa aka tafa mata. Ta sunkuyar da kai. Na ce kunya ce. Talata ta zo, Laraba ba ta zo ba, Alhamis ma haka.

A daren Alhamis ina rarraba ƙyallaye a tsakar gida, Mama ta ɗauki ɗaya daga cikin shuɗɗan nan, ta murza shi a yatsa, ta shinshina. Ta ce, “Malam, wa ya ba ka wannan?” Ba ta kan ce mini Malam ba sai in magana ta yi nauyi. Ta ce wannan ba tsumma ba ne, ko wanki uku bai sha ba, ƙanshin akwati ya ke yi. Da na faɗa mata yarinyar, sai ta yi shiru, sa'an nan ta ce ta san gidan. Suna cikin waɗanda suka baro ƙauyukansu a shekarun nan da 'yan bindiga suka dami ƙasar Chikun da Kajuru, sun iso Kujama da abin da ke jikinsu. Ta ce, “Kai da ka yi karatu, ba ka san sai mai tufa ke da tsumma ba? A gidan da babu, zane in ya tsufa da fita ya koma na kwana, daga nan ya zama majanyi, daga nan a fitar da rigar yaro, abin da ya rage a yi wa jariri ƙunzugu, na ƙarshe a riƙa sauke tukunya da shi. Ina ranar da zai zo hannunka?”

Ran Asabar ta raka ni. Muka tarar da uwar ta dawo daga itace, ta sauke kayan daga kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗauka. Ta shimfiɗa mana tabarma, ita kaɗai ce a ɗakin, ta ce, “Malam, sannu da zuwa.” Na gaishe ta, na ce na zo ba da haƙuri ne. Zanen nan shi ne kaɗai na fitarta, wata 'yar'uwa ce ta ba ta bayan sun iso. Yarinyar ta duba ɗakin ba ta ga abin da za a kira tsumma ba, tana kuwa tsoron durƙuso a gaban 'yan aji, sai ta ari almakashi a maƙwabta ta yanke gefe guda. Ran Talata da dare uwar ta gani, ta yi mata dūka. Tana ba ni labarin tana cewa laifin yarinya ne. Na ce a'a, Inna, nawa ne, ni na sa ta. Yarinyar na tsaye a bayan ƙyaure tana ji.

Na riga na sayi turmin atamfa a kasuwa, abin da ya cinye mini kuɗin abincin mako biyu. Ta ƙi karɓa, ta ce ina aka taɓa jin malami ya biya ɗalibi. Sai da Mama ta yi mata magana da Gbagyanci, wadda ban ji ba, kāna ta karɓa da hannu biyu. Da za mu tafi ta shiga ta ɗauko ragowar shuɗin zanen, ta ce tun da an fara yanka shi a ƙarasa, yara su zauna a kai.

Ran Litinin na gaya wa aji cewa na janye maganar durƙuso, kada kuma wanda ya sake kawo kome daga gida. Abin da ya kamata in yi tun farko shi na yi a ƙarshe: na bi telolin kasuwa ɗaya ɗaya. Ashe ƙyallen da ke zuba ƙarƙashin keke sharewa su ke yi, waɗansu ma su ƙone. Cikin kwana biyu na tara buhu uku, ba wanda ya karɓi ko kwabo, wani tela ma ya ara mini almakashi. Na raba yara kashi huɗu, manya na yanka, ƙanana na turawa da tsinke. A nan na ga ana iya koyar da awo da ƙirga ba tare da allo ba, don kowane yaro sai ya auna ƙyallensa da yatsa, ya kuma ƙirga zare huɗu kafin ya huda. Mako biyar muka yi muka gama huɗu, kowace tsawon kamu uku.

Kada wani ya ce na warware matsalar ajin. Kowace darduma yara shida ta ke ɗauka, in an matsa bakwai, har yanzu akwai masu zama a kan siminti. Yaron da ke rubutu a kan gwiwarsa kuma hannunsa ba zai yi kyau ba, ko a kan kilishin sarki ya zauna. Benci ajin nan ke bukata, na kuwa rubuta haka a rahotona. Malamin da ya zo duba ni daga kwaleji ya taka ɗaya, ya juya bayanta, ya tambayi wanda ya koya mini. Na ce Mama. Ya ce to, ita ya kamata ya ba makin.

Shuɗin zanen nan shi muka zagaye darduma ta huɗu da shi, yarinyar ce kuma ta sa layin ƙarshe. Ranar da zan taho na leƙa ajin da sassafe, na tarar ta riga kowa zuwa, ta kakkaɓe ta a waje, ta shimfiɗa ta kusa da allo, ta zauna a gefen shuɗin tana jiran a buga ƙararrawa.