Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

A Hausar da muke yi a Gamu, kalmar basir babbar riga ce, kowace cuta ta sa ta sai ta shige ta. Jini a bayan gida, basir. Murɗar ciki, basir. Namiji ya rasa ƙarfi, shi ma basir. Asalinta Larabci ne, kuma can ma'anarta ba ta wuce jijiyoyin dubura da suka kumbura ba. Da ta shigo bakinmu sai ta yi ta faɗi. A aji muna kiran wannan faɗaɗar ma'ana, mu rubuta a jarabawa mu ci maki. A gida kuwa abin ba na maki ba ne.

Kawuna ya fi shekara yana ganin jini. Kowa ya ce mishi basir ne, kuma ranar kasuwa ga masu lasifika nan da saiwoyi da garin magani. Ya sha, ya yi ta ramewa, idonshi ya yi fari fat. Sa'ad da aka kai shi Damagaram, sai aka tarar ciwon daji ne a babban hanji, har ya taɓa hanta. Bai ga damina ba.

Tun daga nan nake bin labarin gwajin jini, don jini ma yana magana, da alamominsa. A 1965, a Montreal ta Kanada, Phil Gold da Samuel Freedman suka gano wani sinadari, CEA, da ke yawaita a jinin wasu masu dajin hanji. To amma yakan hau a jinin mai shan taba, kuma wani mai cutar nasa ba ya hawa sam. Shi ya sa likitoci suka fi amfani da shi wajen bin sawun cutar bayan an yi aiki. A 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani gwaji mai suna Shield, wanda ke neman ɓurɓushin ƙwayoyin halittar ciwon a cikin jini. Cikin masu dajin hanji 100 ya kama 83. Amma ƙananan tsiron da ke rikiɗa su zama daji, waɗanda in an cire su da wuri an huta, 13 kacal ya kama cikin 100. In kuma ya nuna alama, dole dai a zura na'ura mai kyamara ta dubura a duba hanjin da ido.

Akwai kuma kumburin hanji mai daɗewa, irin wanda Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a New York a 1932. Shi ma zawo ne da ciwon ciki da rama, wani lokaci da jini, ya lafa ya dawo. Ana auna CRP a jini don a ga ko jiki na fama da kumburi. Sai dai a nan wurinmu zazzaɓin cizon sauro ma na ɗaga CRP, ƙarancin jini ya zama ruwan dare, atini kuma na kawo jini a kashi. Ashe alamar jini ma kamar kalma take: ita kaɗai ba ta da tsayayyar ma'ana sai an sa ta cikin jimla. Jimlar kuwa bakin majiyyaci ne ke ba da ita.

Nan ne gizo ke saƙa. Daga Gure zuwa Damagaram ya fi kilomita 150, daga can zuwa Yamai kusan 900, kuma sai a 2021 aka buɗe wurin gashin daji na farko na gwamnati a Yamai ɗin. Manomi ba zai sayar da akuya ya kama wannan hanya don basir ba. In ma ya je likita, kunya ba ta barin dattijo ya faɗa wa yarinya sa'ar ɗiyarshi abin da ya gani a bayan gida. Sai ya ce "basir ke damu na," a rubuta mishi magani, magana ta ƙare a ƙofa. Ba a ɗebi jini ba, balle a aika shi gaba.

Ni ba likita ba ce, harshe nake karanta. Abin da na iya shi ne in ƙi yarda kalma ɗaya ta rufe zance. Yanzu duk wanda ya ce mini basir, sai in tambaye shi: wata nawa ke nan? Jinin a bisa kashin yake ko gauraye da shi? Kana ramewa? Fitarka bayan gida ta canza? In ya wuce makonni, ko ga rama da kasala, musamman in shekaru sun ja, to a je likita, a faɗi waɗannan amsoshi ɗaya bayan ɗaya, da bakin da aka saba, Hausa ko Barbarci.

Ƴan'uwa ɗalibai, hutu na zuwa, kowa zai koma garinsu. Ku yi wa iyayenmu waɗannan tambayoyi, ko da za su ce ba mu da kunya. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.