Ranar da na ƙona injin da ke ciyar da mu

Shekara 23 ke nan ina kasuwanci a Kumasi. Ƙusa da kwaɗo da sarƙa nake sayarwa, amma abin da ya fi riƙe gidana tsofaffin injuna biyu ne da nake ba magina da masu walda haya: na huda bango da na yankan ƙarfe. Kwancen Turai ne, a Suame na saye su.

Wata damina sai na yankan ya fara gurnani. Don ƙyashin kuɗin giris, na kwance kansa na tsiyaya masa baƙin man da aka juye daga mota. Kukan ya lafa, na ce shi ke nan. Ba a rufa mako ba mai haya ya dawo min da shi yana warin ƙuna. A makon ne kuma za a biya kuɗin makarantar autana.

Na kai wa wani dattijo mai gyara. Ya shinshina, ya dube ni.

"Alhaji, wa ya shayar da shi wannan?"

Na ce, "Baba, a rufa min asiri."

Ya ce baƙin mai ba ya zama wuri ɗaya kamar giris. Ya silale cikin koyil, ya kama garin ƙarfe, ya toshe iska, waya ta ƙone. Garin neman gira na rasa ido.

Yana aiki yana koya min. A fara zare wuta. A wanke tsohon giris da kananzir, a bari ya bushe. Sabon kada ya wuce rabin gurbin haƙoran, don in ya cika zafi yake jawowa. A hure ƙura daga kafofin iska. In tartsatsi ya yi yawa a ciki, a duba gawayin nan biyu, a canja su tare. Da damina kuma kada inji ya kwana a ƙasa, tsatsa ba ta sallama.

Kuɗin sabon naɗi uwargida ce ta biya da adashinta. Ba ta ce min komai ba, shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Yanzu duk farkon wata nakan shimfiɗa buhu a ƙofar shago, in kira auta ya riƙe min sukudireba. Injin nan har yau yana yanka. Adashin kuwa na maida mata kafin babbar salla.