Kaburburan Mayaƙa da Littafin Wani Dattijo a Maradun

Da la'asar sakaliya, in rana ta yi sanyi, akwai wani dattijo a Maradun da kan sa jikansa ya goya shi a babur zuwa bakin ruwan Bakolori. Can zai sauka, ya dogara sandarsa, ya fuskanci wani sashe na ruwan, ya yi addu'a ya shafa, su juyo gida kafin magariba. Masunta sun saba da shi, har sukan sassauta hira in sun hango farar hularsa. A ƙarƙashin ruwan nan tsohuwar maƙabartar ƙauyensu take, a cikinta kuwa mahaifinsa da kakansa ke kwance.

Tsohon malamin firamare ne, ya haura shekara 80. Ya yi koyarwa a ƙasar Mafara da ta Bakura kafin ya dawo gida ya ajiye alli. Tun yana saurayi maganar kaburburan mayaƙa take cin ransa: wa aka tuna, wa aka manta, ta yaya kuma aka yi tunawar. Duk wanda ya zauna a tabarmarsa sai ya sha wannan labari, kuma kullum daga wani Bature sojan ruwa yake farawa.

Sunansa Hugh Clapperton, hafsa ne a rundunar jiragen ruwan yaƙin Ingila, haifaffen garin Annan a ƙasar Sikotilan. Ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824 ta hanyar Barno da Kano, bayan ya ratsa ƙasar Zamfara. Waziri Giɗaɗo ne ya sauke shi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya sha zantawa da shi kan fatauci da addini da inda kogin Kwara ya dosa. Abdullahi ake kiransa. Ya koma gida, ya sake dawowa a 1826 ta Badagiri, ya tarar da Sakkwato da Barno suna yaƙi, aka hana shi wucewa da kayan da ya ɗauko wa Shehu Laminu na Barno. Ciwo ya kwantar da shi, ya mutu ranar 13 ga Afrilu, 1827, yana da shekara 38. Baransa Richard Lander ya aza gawar a kan raƙumi, ya kai ta wani ƙauye mai nisan kamar mil biyar kudu maso gabas da birni, ya karanta addu'ar addininsu shi kaɗai, ya kuma biya a yi ɗan ɗaki a kan kabarin.

Dattijon ya fara jin wannan labari ne lokacin da ya je Sakkwato koyon aikin malanta. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda Lander, bara ba basarake ba, ya zauna ya rubuta rana da wuri da nisa. Ɗakin ƙasa ba ya jure damina da yawa, amma rubutun ya rayu. Har yau akwai titi mai sunan Clapperton a Sakkwato, shi Lander ɗin ma an yi masa doguwar hasumiya a garinsu Truro.

A makarantar ne kuma ya ga hotunan manyan majami'un Ingila, inda bango ke cike da allunan dutse. Kowane allo da sunan hafsa, da muƙaminsa, da jirginsa ko rundunarsa, da ranar da ya faɗi. Mafi girma a cikinsu kabarin Nelson ne, babban kwamandan jiragen ruwa da aka kashe a yaƙin Trafalgar ranar 21 ga Oktoba, 1805, aka binne shi a majami'ar St Paul da ke Landan.

Shekarar nan ta 1805 ita ta tayar masa da hankali, domin ya san abin da ake ciki a ƙasarsu a lokacin. A ita ce jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka zauna a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara, a ita ce kuma aka yi yaƙin Alwasa mai tsanani. Kafin nan da 'yan watanni, a Tsuntsuwa, jama'a ta rasa mutum kamar 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kamar 200. Ga Faru nan a ƙasar Maradun, inda Shehu ya zauna yana wa'azi tun kafin a zare takobi. Sai ya tambayi kansa: ina allunan waɗannan mutane? Ya ce a lokacin takaici ya cika shi, ya riƙa ganin kamar magabata sun yi sakaci da nasu.

Da hutu ya zo, sai ya kai ƙorafin gaban malaminsa na zaure. Malam ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, “Ɗana, ka je Baƙi'a ka ga allo?” Ya tuna masa cewa sunna ita ce kada a yi gini a kan kabari, kada a ɗaukaka shi don alfahari, kuma sarki da bawa itace ɗaya ake jera masu, ƙasa ɗaya ake tura masu. Ya ƙara da cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya aza dutse a kabarin Usmanu ɗan Maz'unu don ya riƙa gane shi, saboda haka alama ba laifi ba ce. Daga nan ya jawo gafaka ya fito da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahin Gwandu, ya shiga karanto masa yaƙe-yaƙe ɗaya bayan ɗaya, da sunayen waɗanda suka yi shahada, da marsiyyoyin da aka yi masu.

Ranar nan takaicinsa ya sauka. Ya gane cewa magabata sun ajiye mayaƙansu a takarda da waƙa da kirari da sunan gari. Namoda, jarumin Alibawa da ya faɗi a Kiyawa a 1810, ba ya buƙatar allo tunda ga Ƙauran Namoda. Zuri'ar Aliyu Jedo, sarkin yaƙin jihadi, suna nan a Binji da sarautarsu. Hubbaren Shehu a Sakkwato da na Bello a Wurno ba su taɓa rasa masu ziyara ba. Wannan shi ne darasinsa na farko, ya kuma shekara da shekaru yana koya wa ɗalibansa shi da alfahari.

Darasi na biyu ya fi ɗaci, kuma a Burmi ya same shi, can ƙasar Gombe kusa da Bajoga, inda ya taɓa zuwa da ƙafarsa. Nan ne Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya tsaya tsayuwar ƙarshe ranar 27 ga Yuli, 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato a filin Giginya ranar 15 ga Maris. A ranar aka kashe shi, a ranar kuma kibiya ta kashe Manjo Marsh, jagoran sojojin Turawa. Kaburburan mutanen biyu suna fili guda. Ya ziyarci na Sarkin Musulmi ya yi addu'a, ya leƙa na Baturen. Sannan ya ɗaga kai ya dubi sauran filin. Mutum fiye da 600 suka kwanta tare da Attahiru a ranar, manoma da almajirai da barori da suka bar gidajensu suka bi shi. Ya ce ya tsaya yana son ya ambaci ko goma daga cikinsu da suna, ya kasa.

Da ya dawo sai ya shiga auna sauran yaƙe-yaƙen da wannan ma'auni. A kusa da Kwatarkwashi, a ƙarshen Fabrairun 1903, baraden Kano suka afka wa wata 'yar ƙaramar rundunar Turawa. Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a wurin, Kanawa suka yi masa laƙabi da Mai Shahada, laƙabin da ya bi shi har yau. Hafsan da ya jagoranci ɗaya ɓangaren, Wallace Wright, ya sami lambar jarunta mafi girma ta Ingila. Sojoji 44 da suka tsaya tare da shi, baƙaƙen fata, lissafi kawai aka yi da su. Haka ma baraden da suka faɗi a gefen Waziri. A Satiru, ranar 14 ga Fabrairu, 1906, an kashe Turawa uku, Hillary da Scott da Blackwood, kowa da sunansa a littafi. Sojoji kamar 25 da suka mutu tare da su babu mai kawo sunansu. Mutanen Satiru kamar 2,000 da aka kashe ranar 10 ga Maris, da aka dawo ramuwa, su kuwa ko garinsu ba a bari ba.

Nan ya ga cewa dutsen Bature da kirarin Bahaushe ciwonsu ɗaya. Duka biyun babba suke ɗauka, su bar mai jan doki da mai ɗaukar tuta. Yakan ce wa ɗalibansa, duk inda suka ji an ambaci jarumi guda, su tambaya su wane ne suka tsaya a bayansa.

A gidansu ma akwai irin wannan gurbi. Ƙanen mahaifinsa yana cikin 'yan Boma, sojojin Afirka ta Yamma da aka kwasa a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82, suka yi faɗa da Jafanawa a dazuzzukan Arakan da kwarin Kaladan. Ya dawo da rai, amma abokinsa da suka tafi tare bai dawo ba. Uwar yaron ta mutu ba ta san inda aka sa ɗanta ba. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi sun hau kan barikoki, ga Kalapanzin a Kaduna, amma sunan yaron bai hau ko'ina ba a nan gida. Kwanan baya jikansa ya nuna masa a waya hoton maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon, inda aka sassaƙa sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Nijeriya. Suka yi ta dubawa. Matsalar ita ce, a wancan zamani magatakarda sunan mutum yake rubutawa ya liƙa masa sunan babban gari a madadin na uba, don haka masu suna iri ɗaya sun yi yawa. Duk da haka dattijon ya ce ransa ya yi sanyi da ya ga an sa ƙaramin soja a bango ɗaya da hafsa.

Darasi na uku shi ne wanda ba ya son faɗa sai an matsa masa, domin laifin kansa ne. Da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, ruwa ya taru ya ci ƙauyuka da gonaki, mutum kamar 13,000 suka tashi. Kafin tashin akwai tsofaffi uku a ƙauyensu da suka san maƙabarta kamar tafin hannunsu. Sun san wanda ke ƙarƙashin kace, sun san wanda ke gindin aduwa, sun san layin da aka jera waɗanda suka faɗi zamanin da Mafara ta yi tsayayya da Sakkwato a 1891. Shi ne mai alƙalami a ƙauyen. Yini biyu da littafin rubutu ɗaya sun isa ya kwashe abin da ke bakinsu. Hankalinsa ya tafi ga ɗaurin kaya da neman filin gini, ya ce sai an natsu. Kafin a natsu, cikin shekara biyar, duka ukun sun rasu.

“Da baki muka dogara,” in ji shi, “ban lura ba cewa baki yana tafiya ne da ƙasarsa. Tsoho yana tuna suna ne in ya ga itaciyar da ke kan kabarin. Da itaciyar ta nutse, sunan ya bi ta.”

Shi ya sa abin da ke faruwa yau yake hana shi barci. Hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da yawa a ƙasar Maradun da Bakura da Mafara, mutane sun bar maƙabartunsu ga ciyawa. Ana binne mutane da yawa a rana ɗaya cikin gaggawa, waɗanda suka yi sallar kuma su watse washegari. Ana kashe sojoji da 'yan sanda da 'yan sa-kai, wasunsu daga jihohi masu nisa, a ce mutum kaza sun mutu, a wuce. Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni a manyan birane don tunawa da 'yan mazan jiya, amma yana ganin furen da ba ya tafe da suna bai isar da saƙo ga marayu ba.

Yanzu yana da littafi mai kauri da yake ajiyewa a ƙarƙashin matashinsa. Ya ja layi huɗu a kowane shafi: suna, sunan uba da ƙauye, rana, da inda aka binne. Duk wanda ya zo gaisuwa daga wani ƙauye, bayan an gaisa sai ya tambaye shi wa suka rasa. Ba ya bambanta soja da manomi, ba ya bambanta Musulmi da Kirista, ba ya tambayar ƙabila. In idonsa ya gaji, jikansa ke karɓar alƙalamin, yana cewa, “Kaka, faɗa mini in rubuta.” Sukan yi da boko, su maimaita da ajami, don limamin da zai gaji littafin ya iya karantawa.

Ba ya kiran kowa da ya gina kabari ko ya sassaƙa mutum-mutumi, domin har gobe yana kan abin da malaminsa ya koya masa. Roƙonsa ga sarakuna da hakimai da limamai da shugabannin makarantu shi ne kowace gunduma ta buɗe irin wannan kundi, a ajiye ɗaya a fada, ɗaya a masallacin Juma'a. A kewaye tsofaffin maƙabartu kafin gona da gini su cinye su. Matasan da ke riƙe da waya kuma su zauna da tsofaffin gidansu tun suna da rai, su tambaye su wa ya je Boma, wa ya faɗi a wane yaƙi, wa aka binne a ina, su rubuta a daren nan kafin su kwanta.