Yadda Neman Aiki Ya Cinye Mini 'Yan Kunne

'Yan'uwana mata, musamman waɗanda suka yi karatu, aure ya zo, takardun kuma suka koma ƙasan akwati. Ni ma ɗaya ce daga cikinku, kuma labarin da zan ba ku na daɗe ina ɓoyonsa, domin akwai wautata a ciki.

Na kammala NCE a fannin Lissafi a shekarar 2009, aka ɗaura mini aure a 2010. Tun kafin a sa rana baffana, wanda shi ne waliyyina, ya kafa wa dangin miji sharaɗin cewa idan aiki ya samu za a bar ni in yi, suka amince. Tsakani da Allah maigidana bai taɓa saɓa wannan alkawari ba, aikin ne dai ya ƙi samuwa. Shekara huɗu ina yawon kai takardu da goyo a baya, har mai shagon fotokwafi na bakin layinmu ya daina tambayata kwafi nawa zai yi. Duk ofishin da na shiga magana ɗaya ce: ki ajiye, za a neme ki.

A 2014, a wajen wani biki, wata mata da muka yi makaranta tare ta ja ni gefe ta ce akwai wani mutum mai hanya, yana samar da takardar ɗaukar aikin koyarwa, amma sai an ba da naira dubu 150. Maigidana a lokacin ɗan tebur gare shi a Kantin Kwari, kuma na san ko yana da kuɗin ba zai bayar ba, zai ce cin hanci ne. Ni ma na san cin hancin ne, ba zan yi muku ƙarya ba, amma na yi wa kaina fatawa cewa ai haƙƙina nake nema. Na ɗauki 'yan kunne da sarƙar gwal da Inna ta saya mini da kuɗin adashenta na shekaru, na sayar, na sayi masu ruwan gwal da suka yi kama da su na ajiye a madadinsu. Bayan wata biyu aka kawo mini takarda, da hatimi da sa hannu da komai. Ranar da na kai ta ofishin, ma'aikacin ya juya ta gaba da baya, ya dube ni ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba daga nan ta fito ba, kuma ba ke ce ta farko ba." Ban san yadda na shiga adaidaita sahu na iso gida ba. Lambar mutumin ta daina shiga, ita ma ƙawar tawa ashe an cinye nata. Na shanye abina, ban faɗa wa kowa ba.

Shekara biyu ban ƙara buɗe akwatin takardu ba, sai a 2016 da gwamnatin Buhari ta fito da shirin N-Power, inda ake ɗaukar masu digiri da NCE a tura su koyarwa ko aikin lafiya ko na gona, a riƙa ba su naira dubu 30 a wata. Ƙanin maigidana ne ya matsa mini, ya kai ni shagon intanet aka cike mini. Ban ba kowa ko sisi ba sai kuɗin mai shago, kuma sunana ya fito a rukunin farko, muka fara aiki a watan Disamba. A nan zan ja hankalinki 'yar'uwa kan wani abu da ya kusa raba ni da albashina. Takardun makarantata suna ɗauke da sunan mahaifina, amma da na je buɗe asusu da yin BVN sai na sa sunan miji, wai ni ga amarya. Sunaye suka saɓa, kuɗi suka maƙale, sai da na yi takardar rantsuwa a kotu na yi ta sintiri banki kafin a gyara. Ki bar sunan mahaifinki a kan kowace takarda, dama shi ne addini ya san ki da shi.

Firamaren da aka tura ni, aji uku aka ba ni, yara sun haura ɗari, rabinsu a ƙasa suke zama. A makon farko na gane cewa abin da na haddace a kwaleji ba zai fitar da ni ba. Wata dattijuwar malama da ta kusa ritaya ita ta riƙe hannuna. Ta sa na tara murafun kwalbar lemo cike da leda, ta nuna mini yadda ake raba yara gungu-gungu, a ɗora mai ƙoƙari a kan kowane gungu, su yi ta tarawa da ɗebewa da hannunsu kafin a je allo. Yaron da ya kasa gane bakwai sau uku a rubuce, idan ya jera murafu bakwai-bakwai layi uku ya ƙirga, ba ya ƙara mantawa. Allah Ya saka mata da alheri, a hannunta na zama malama.

Gida kuwa, nan ne jarrabawar take. Kafin kiran sallar asuba na tashi, in dama koko, in ɗora abincin rana, in shirya yara biyu, in kai ƙaramin wajen Hajiya uwar mijina. Mukan ce wance tana aiki kuma tana riƙe da gidanta, mu manta da tsohuwar da ke raino a bayan fage. Sai da Hajiya ta yi mini gugar zana a gaban baƙi, cewa ita ma an ɗauke ta aiki amma ba albashi, sannan na farga na fara ware mata nata duk wata. Haka kuma kuɗi a hannu suna canza harshe ba tare da mutum ya sani ba. Wata rana maigida ya yi ƙorafin miya ta yi gishiri, bakina ya suɓuce na ce ai naman ma da kuɗina na saya. Bai ce uffan ba, ya wanke hannu ya tashi. Kwana biyu yana cin abinci a kasuwa, sai da na durƙusa na ba shi haƙuri.

An ce shirin na shekara biyu ne, aka yi ta ƙara mana wa'adi, mu kuma muka saki jiki muna jiran a mayar da mu ma'aikatan dindindin. A tsakiyar 2020 aka sallame mu. Abin ya zo a kan gaɓa mafi muni, domin tun watan Afrilu aka kulle Kano saboda korona, kasuwa a rufe, azumi ya kama, maigida yana zaune a gida. 'Yan kuɗin adashen da na kwasa su muka ci.

Makarantu ma a rufe suke, sai wata maƙwabciya ta roƙe ni in riƙa duba mata 'ya'yanta uku kada su manta karatu. Na shimfiɗa tabarma a soro, na fito da ledar murafuna. Daga uku suka zama ashirin. Abin da ban taɓa zato ba shi ne iyayen su ma za su biyo baya. Ashe unguwarmu cike take da matan aure da suka gama sakandare amma Lissafi ya kayar da su, alhali a lokacin ba a shiga babbar makaranta sai da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Ba za su iya komawa aji su sa kayan makaranta ba, amma akwai jarrabawar da NECO da WAEC ke shirya wa masu zaman kansu, kuma mazajensu sun fi natsuwa da a ce mace ce ke koya musu a cikin gida. Yanzu yara nake ɗauka bayan la'asar, matan aure kuma da hantsi ranakun Asabar da Lahadi. Biyu daga cikinsu suna makarantar koyon aikin lafiya, ɗaya tana NCE ta hanyar NTI daga ɗakinta.

Kada in zuzuta, ba wani arziki ake yi ba. Wasu iyayen sai su tara bashin wata uku, kuma lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 har da kwanon gero aka biya ni. Amma bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wata makarantar kuɗi da ke can wani gefen gari ta neme ni, na zauna na lissafa kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, na ga fiye da rabin albashin a titi zai ƙare, na ce su yi haƙuri. Guntun gatarina dai. Duk da haka ban cire rai da aikin gwamnati ba, saboda fansho, har na zana jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN na karɓi shaidata na ajiye.

Batun 'yan kunne kuwa, a cikin kullen nan ne asiri ya tonu. Wani dare bayan an sha ruwa, kuɗi sun ƙare ƙaf, na lura ko sau ɗaya maigida bai ce in kawo gwal a jinginar ba. Zuciyata ta karye, na kwashe komai na faɗa masa ina kuka. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Maman yara, na sani tun ranar sunan ƙanwarki. Gwal ba ya koɗewa." Shekara biyar ke nan yana kallona ina sa su.

Inna ce har yau ba ta sani ba. Da ƙaramar sallar da ta wuce ta kama kunnen babbar 'yata tana tsokanarta, ta juyo ta ce mini in adana mata gwal ɗin nan da kyau, jikarta za a sa wa ranar aure. Na ce to, Inna. Na shiga sabon adashe, amma kuɗin gwal na yau ba na 2014 ba ne, kwasa ɗaya ko ɗan kunne guda ba za ta saya ba.