Ranar da na ce kaka ta maƙwabciya ce

Mai karatu, wannan watan ba sharhin fim zan yi ba. Ka yi mani uzuri, kaka ta ce ta rasu a daminar 2025, kuma akwai bashin ta a wuya na da na ke so in sauke a gaban ka.

Mu na kiran ta Iya. Ita ta haifi baban mu, kuma a wani ƙauye kusa da Yako a ƙaramar hukumar Ƙiru ta yi rayuwar ta kaf. Ba ta da takardar haihuwa. In ka tambayi shekarun ta sai ta ce ta na goyon ɗan fari Sarauniyar Ingila ta zo Kano, wato 1956. Ka ga ke nan ta doshi casa'in. Bahaushiya ce gaba da baya, ɗiyar Maguzawa, kuma Kirista ce ta ƙin ƙarawa. A hannun wani mai bishara ta koyi karatun boko, don kawai ta karanta Littafi Mai Tsarki da kan ta. Ka san tun 1932 aka buga shi da Hausa, aikin su Likita Mila na Wusasa. Ikilisiyar ta kuwa ECWA ce, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954. Nata littafin ya sha hannu har sai da ta ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa.

Baban mu ya musulunta ya na saurayi, lokacin da ya shigo Kano neman kuɗi. An ce Iya ta yi kwana uku ba ta cin abincin kirki. A na huɗu ta aika masa da buta sabuwa. Mu da mu ka taso Musulmi, in mun je hutu ita ke tashin mu da asuba: "Ku tashi, ladan ya kira, Allah ba ya son malalaci." In azumi ya same mu a can, ita ke dama mana kunun sahur, ta zauna ta na karatun ta a hasken aci-bal-bal har mu gama. Ranar Lahadi kuma ta ɗaura zanen Zumuntar Mata ta nufi sujada, ko da kuwa ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ina Foliteknik a Kano aka kawo ta asibitin ido na ECWA za a cire mata yana. Da aka sallame ta, ta ce ba za ta koma gida ba sai ta ga makarantar maigidan ta, don haka ta ke kira na saboda wasan kaka da jika. Ta zo da ƙullin gyaɗa da daddawa, sanye da zanen nan mai hoton gicciye. Ina tsaye da abokai na. Ɗaya ya ce, "Wacece wannan?" Wallahi ban san lokacin da baki na ya ce, "Maƙwabciyar mu ce a ƙauye" ba.

Ido ne ya samu matsala, kunnen ta garau ya ke. Ta miƙo mani ƙullin, ta yi murmushi, ta ce a hankali, "Maigida, ashe yau an sake ni." Ba ta sake tada maganar ba har ta koma ga Mahaliccin ta. Ni kuma kullum sai in ce in na je hutu zan roƙe ta gafara, har hutun ya ƙare mani.

Na daɗe ina tambayar kai na abin da ya sa na ji kunya ran nan. Wani ɓangare na amsar ya na cikin sana'ar da na ke ci da ita. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau an yi finafinan Hausa ba adadi, amma a waɗanda na kalla, in an nuno Kirista, galibi baƙo ne mai gurɓatacciyar Hausa da za a yi wa dariya, ko kuma wanda zai musulunta kafin a rubuta "Alhamdu lillahi". Ban taɓa ganin irin Iya ba: tsohuwa mai karin magana a baki, mai kunyar ɗan fari, mai addu'a da sunan Yesu da Hausar da ta fi tawa. Alhali irin su na nan a ƙauyukan Ƙiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa. Yaron da bai taɓa ganin kakar sa a allo ba, sai ya ɗauka abin ɓoyewa ce. Wannan ba uzuri ba ne, laifin nawa ne.

Ranar jana'izar ta, 'yan Zumuntar Mata na waƙa su na kaɗa tulu, mu kuma jikokin ta Musulmi mu na gefe tare da baba, limamin ƙauyen ma ya zo gaisuwa. Fasto ya ce jikoki su tashi a gan su. Na riga kowa miƙewa.

Saboda haka, ya kai mai rubuta labari ko shirya fim, in ka tashi neman labarin da ba a taɓa yi ba, hau mota ka sauka Kwanar Ɗangora ka shiga ƙauyuka. Akwai sauran tsofaffi irin ta, amma ba za su jira ka ba. Ku kuma abokai na na Foliteknik, in wannan shafi ya iso gare ku, matar nan mai ƙullin daddawa ita ta haifi uba na.