Na sayi kwale-kwale, na rasa kogin da zan saka shi

A ƙarshen daminar bara na yi wata sayayya wadda har yau maƙwabtana a Sharaɗa ba su daina yi mini tsiya a kanta ba. Tsohon kwale-kwale na saya, na katako, mai tsawon ƙafa goma sha takwas, wanda ya riga ya sha faci a wurare uku. Ranar da a-kori-kura ta sauke shi a ƙofar gidana, rabinsa yana reto a bayanta an ɗaura masa jan ƙyalle, yaran layinmu suka kewaye shi kamar an kawo kura. Wani dattijo da muke sallah tare ya dube ni, ya dubi jirgin, ya ce, "Dakta, albashin jami'ar ne ya gaza har za a koma su?"

A Wudil na same shi. Wanda ya taɓa bi ta gadar garin ya san yadda jiragen masunta da na 'yan fito ke jere a gaɓa. Mai shi tsoho ne da ƙarfinsa ya fara ja baya, 'ya'yansa kuma sun koma sana'ar babur. Mun daɗe muna ciniki, amma yawancin lokacin ya tafi ne wajen koya mini abin da ban tambaya ba: yadda ake ƙwanƙwasa katako a ji inda ya ruɓe, yadda ake cusa tsumma a tsaga a bi shi da narkakkiyar kwalta, da dalilin da ya sa ba a barin jirgi a tudu rana ta daɗe tana dukansa, domin bushewa ke buɗe bakin katako. Da na biya, sai ya haɗa mini da filafili biyu da doguwar gora kyauta. Sa'an nan ya tambaye ni, "Yaro, a wane ruwa za ka sa shi?" Na ce a Chalawa, kusa da gida. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce, "Allah Ya sa a dace."

Ban fahimci shirun nan ba a lokacin, ga shi kuwa ya kamata in fahimta, domin ni ɗan wannan yanki ne. Mahaifina ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana aiki a wani kamfanin jima a Sharaɗa, kuma da kuɗin fata aka saya mini littattafai tun daga firamare. A ƙarshen shekarun 1980 nakan je hutu gidan kakata kusa da Fanshekara, mu gangara kogi da sassafe, mu yi wanka, mu kama ƙananan karfasa da tsohon gidan sauro. Wannan hoton ne na riƙe a zuciya shekara talatin da ɗoriya, shi ne kuma na so in nuna wa 'ya'yana uku, waɗanda iyakar saninsu da ruwa bai wuce na famfo da na 'yan garuwa ba. Mutum yakan zauna kilomita kaɗan daga kogi, ya shekara goma bai leƙa shi ba, yana zaton yana nan yadda ya bar shi.

Uwargida ba ta hana ba, amma ta kafa sharaɗi. Ta tuna mini Bagwai. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya ɗauko mutane daga ƙauyen Badau ya kife a madatsar Watari, aka rasa rayuka aƙalla 29, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Ta ce, "Baban yara, babu ɗana da zai taka wannan abu sai da rigar ceto, kuma sai da wanda ya san ruwa a ciki. Kai digirinka ba na iyo ba ne." Na zaga Sabon Gari da 'yan gwanjo sati biyu kafin in haɗa riguna biyar. Wahalar da na sha wajen samunsu ta isa ta gaya wa mutum matsayin da ran mai shiga jirgi yake da shi a wurinmu.

Kafin in ɗauki iyali, sai na ce bari in fara zuwa ni kaɗai in duba wurin da za mu sauka. Na bi hanyar Fanshekara na shiga rukunin masana'antun Chalawa, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso. Wanda bai taɓa ratsa wurin a ƙafa ba zai yi wuya ya gane yadda yake. Dogayen katangu ne hagu da dama, wasu ƙofofin sun yi tsatsa an ɗaure su da sarƙa, ciyawa ta tsiro a harabar da a da motoci ke layin ɗaukar kaya. A tsakaninsu kuma akwai waɗanda ke aiki, janareta na ruri, ma'aikata sanye da takalman roba suna cin shinkafa da wake a gindin bishiya. Tun kafin ido ya ga magudanar, hanci ya riga ya sanar da kai: ɗoyi ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai, mai kama maƙogwaro. Na bi ta har inda ta faɗa kogi. Ruwan da take ɗauke da shi wani lokaci baƙi ne, wani lokaci shuɗi-shuɗi mai kumfa, kuma idan ya shiga Chalawa ba ya gaurayuwa nan take. Sai ka ga launi biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa mai nisa, kamar kishiyoyin da aka tilasta wa zama ɗaki ɗaya.

Babu wani asiri a cikin abin da ke ba shi wannan kama. Jimar zamani tana cire gashin fata da sinadarai masu sulfa, wanda shi ne tushen warin, sa'an nan ta jeme ta da gishirin kuromiyam, wanda ke ba ta launin shuɗi-shuɗi. Fata ba ta shanye sinadarin duka. Ragowar yana bin ruwan wanki, kuma idan ba a tace shi ba, yana kwanciya a laka, ya shiga ƙasar noma da jikin kifi. Ɗaliban kimiyya na jami'o'inmu sun rubuta kundaye masu yawa a kan wannan ruwa, har ya zama kamar gonar gado ga mai neman digiri na biyu, kowa ya ɗebi kwalba ya auna ya rubuta shawarwari, a ajiye a kanta. Ni ma na zauna a kwamitocin da suka yaba wa irin waɗannan kundaye, na sa hannu, na koma gida ban taɓa zuwa na ga bakin magudanar da idona ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kano ba baƙuwar jima ba ce. Fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, da yawanta daga ƙasar Hausa ta ratsa Sahara, kuma Heinrich Barth, da ya zo birnin a 1851, ya yi bayanin cinikin fata da takalma da ya tarar. Majemanmu na gargajiya da toka da bagaruwa suke aiki. Su ma aikinsu yana da wari, kowa ya sani, amma abin da suke zubarwa ƙasa tana iya cinye shi. Ba ina cewa a koma bagaruwa ba ne, domin ba za ta ɗauki nauyin kasuwar yau ba. Cewa nake mun karɓi sabuwar hanya da ribarta, muka bar rabin da ke cin kuɗi, wato tace ruwan kafin a sake shi.

Na haura sama da inda magudanar ke shiga, wajen tsohuwar tashar ruwan da ke shayar da birni tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Nan ruwan ya fi kyan gani, amma masu haƙar yashi sun mamaye gaɓar, tifofi suna shiga suna fita, kuma sun bar ramuka a ƙarƙashin ruwa. Wani matashi da ke loda yashi ya gargaɗe ni cewa inda ruwa yake iya gwiwa, taku ɗaya gaba yana iya shanye dogon mutum. Ba wurin kai yara ba ne.

A satin da ya biyo baya abin ya zame mini kamar larura, na riƙa bin ruwan garin nan ɗaya bayan ɗaya. Rafin Salanta, wanda ke kwashe dattin masana'antun Sharaɗa da na gidajenmu, shi ma Chalawa yake nufa, kafin kogin ya haɗu da Kogin Kano a wajen Tamburawa, yankin da babbar matatar ruwan sha take. Bompai kuwa, wadda ta girme su duka, nata ruwan arewa maso gabas yake yi, ta rafin Getsi zuwa Jakara, ya tare a madatsar Wasai. Ko'ina na tsaya na tarar da lambuna kore shar a gefen baƙin ruwa, latas da alayyafo da kabeji, injin ban-ruwa na ta aiki. Ban ga laifin manoman ba. Wani daga cikinsu ya ce mini, "Malam, kawo mana wani ruwan mu bar wannan." Ban sami amsar da zan ba shi ba, kuma na san da yamma wataƙila latas ɗinsa ne za a yanka mini a gida.

Wani tsohon masunci da na tarar yana ɗinkin koma a ƙasan Tamburawa ya faɗa mini maganar da ta fi kowace tsaya mini. Ya ce a ganinsa ruwan ya ɗan yi sauƙi a kan yadda yake a da, kuma ba don an gyara komai ba, sai don kamfanoni da yawa sun rufe. Ban auna ba, ba zan rantse a kan maganarsa ba. Amma idan gaskiya ce, to, ɗan sauƙin da kogin ya samu da aikin dubban magidanta aka saye shi, irin mahaifina. Wannan ciniki ne da bai kamata a tilasta wa gari ya yi ba. Muna da hukumar tarayya mai sa ido kan ƙa'idojin muhalli, NESREA, tun 2007, muna da ma'aikatar muhalli ta jiha, kuma tun ina ɗalibi nake jin zancen matatar haɗin gwiwa da za ta tace ruwan masana'antu kafin ya isa kogi. Abin da na gani a bakin magudanar bai yi kama da ruwan da ya bi ta matata ba.

Daga ƙarshe sai da muka sake ɗora jirgin a mota. Muka bi hanyar Gwarzo, muka wuce sabuwar jami'ar Bayero da Rimin Gado, muka karkata zuwa Ƙaraye, inda madatsar Chalawa take, wadda aka kammala a 1992. Tafiyar kusan kilomita 90 ce daga birni. Kogin dai shi ne, sunansa ma bai canja ba, sai dai a nan bai riga ya gamu da mu ba. Na je na gaida sarkin ruwan wurin, ya haɗa ni da wani magidanci mai natsuwa, muka yi yarjejeniya: jirgin zai zauna a hannunsa, ya yi su da shi ranakun mako, ya kula da facinsa, mu kuma duk Asabar ɗin da muka zo shi zai tuƙa mu.

Ba zan ɓoye daɗin da muka ji ba. Da hantsi ruwan yana kwance kamar faranti, ba ka jin komai sai ƙarar filafili da kukan tsuntsaye. Balbelu suna tashi daga kan busassun itatuwan da ruwa ya cinye, zalɓe yana tsaye a gefe kamar mai gadi. Jirgin yana ɗan yoyo ta wajen faci na biyu, don haka aka naɗa babban ɗana sarkin kwalfa, aka ba shi rabin galan, ya kuwa riƙe muƙamin da muhimmanci. Uwargida, wadda ta shiga tana salati tana riƙe da gefen jirgi da hannu biyu, ita ce daga baya ta ce a ƙara nisa. Muka ci ɗanwake da soyayyar tarwaɗa a wani tudu, muka yi azahar a kan yashi. Na gwada tuƙi, jirgin ya yi ta juyawa a wuri ɗaya, mai tuƙinmu yana kawar da kai don kada in ga dariyarsa.

Yanzu sau ɗaya muke zuwa a wata, wani watan ma kuɗin mai ba ya bari. A tafiyarmu ta uku, muna dawowa da magariba, mun shigo Sharaɗa muna haye wata ƙaramar gada, warin nan ya shigo motar, yaran suka ɗaga gilashi ba tare da an ce musu ba. Autarmu, mai shekara shida, ta leƙa ƙasa ta ce, "Abba, wannan ruwan ina za shi?" Na ce mata Chalawa. Ta ce ai daga Chalawa muke. Na ce e, wancan na sama ne, wannan kuma zai same shi a ƙasa. Ta ɗan yi tunani, sa'an nan ta tambaya ko kifayen can sun san yana zuwa.